Wa Ke Riƙe da Makunnin Fitilar Gidanka?

 

An nemi in yi magana a kan fitilun da ake sarrafawa da wayar hannu, musamman ɗan akwatin nan da ke haɗa kansu, wanda zan riƙa kira cibiya. Girmanta bai wuce tafin hannu ba. Ana jona ta da rauta, ita kuma ta riƙa raba umarni: ƙwan tsakar gida ya kama da magariba, na ɗakin yara ya rage haske bayan isha'i, na ƙofar gida ya mutu da gari ya waye. Na lura mai gida kan daɗe yana zaɓen ƙwai, yana duba launi da ƙarfin haske, amma cibiya sai ya karɓi duk wadda mai shago ya miƙo masa. An bar jaki ana dukan taiki. Ƙwai in ya ƙone, ka sa wani. Cibiya in ta daina aiki, duk abin da ka kashe wa kuɗi ya tsaya tare da ita.

Bari in fara da abin da ya faru a Amurka, inda kasuwar nan ta fi daɗewa. Akwai wata cibiya mai suna Revolv da aka riƙa sayarwa kusan dala 300. Kamfanin Nest, mallakar Google, ya sayi masu yin ta a 2014, kuma a watan Mayun 2016 ya kashe kwamfutocin da take dogara da su. Akwatin yana nan lafiya, babu abin da ya ƙone a cikinsa, amma ya daina aiki a kowane gida. A 2020 kamfanin Wink ya sanar da waɗanda suka riga suka sayi cibiyarsa cewa daga yanzu sai sun riƙa biyan kusan dala 5 kowane wata. A watan Afrilun 2022 masu amfani da Insteon suka wayi gari manhajarsu ba ta amsawa, ba tare da an yi musu sallama ba, har sai da wasu daga cikinsu suka haɗa kuɗi suka sayi kamfanin suka tayar da shi. Ku gwada wannan da abin da ya sami tsohuwar cibiyar Philips Hue, zagayayyar nan da ta fito a 2012. Ita ma an janye mata tallafi a Afrilun 2020, amma mai ita ya ci gaba da kunna fitilunsa muddin yana cikin gida, domin tun asali a cikin akwatin ake yanke hukunci.

To a nan maganata take. Kafin ka tambayi kuɗin cibiya, tambayi inda umarninka yake zuwa. A wasu, ka taɓa waya, saƙon ya je akwatin da ke falo, ya wuce kan ƙwai. A wasu kuwa sai ya fita daga gidan, ya ƙetare teku zuwa kwamfutar kamfani, sannan ya dawo ya kunna fitilar da ke bisa kanka. Mu nan mun san abin da wannan tafiya take nufi. A ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku sun katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna da ofisoshi suka shiga wahala. A Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Ko babu ɗaya daga cikin waɗannan, data takan ƙare. Ban yarda a ɗaura hasken ɗakin tsohuwa a kan data ba.

Sai batun harshen da cibiya ke magana da shi. Ƙwayaye masu araha da suka cika kasuwanninmu yawanci na Wi-Fi ne, ba sa neman cibiya ko kaɗan, kuma wannan ne ke jan hankalin mai saye. Ga mai ɗaki ɗaya da ƙwai biyu, ba laifi. Amma kowane ƙwai sai ya kama rauta da kansa, ƙaramar rautar gida kuwa takan fara haki idan aka tara mata na'urori, kuma da yawansu jadawalin kunnawa da kashewa yana can wurin kamfani. Zigbee, wanda Hue da IKEA da Aqara ke amfani da shi, dabararsa daban ce: duk ƙwan da ke da wuta yana karɓar saƙo ya miƙa wa na gaba, kamar yadda ake miƙa bulo hannu da hannu a wurin gini. Wannan ya dace da irin gidajenmu masu katangar siminti da sassa da zaure can nesa, inda rauta ɗaya ba ta ratsawa. Z-Wave ma haka yake, sai dai akwai tarko: zangon rediyonsa na Amurka wajen 908 ne, na Turai wajen 868, kuma ba sa jin juna. Wanda ya haɗa kayan nan biyu ya yi asara. Daga Oktoban 2022 kuma an sami Matter, yarjejeniyar da Apple da Google da Amazon da Samsung suka sa hannu a kanta domin kayan wannan ya ji maganar wancan, kuma a cikin gida take aiki. Ba ta gama nuna ba tukuna, amma yau ba zan sayi cibiyar da ba ta jin ta ba.

Yanzu in zo kan abin da littafin da ke cikin kwali ba ya damuwa da shi, domin masu rubuta shi ba a ɗauke musu wuta. An taɓa kirana wani gida da aka sa ƙwayaye sama da ashirin. Kukan mai gidan shi ne, duk lokacin da aka kawo wuta cikin dare, sai gidan ya haske tar kamar rana, yara su farka, jariri ya tsala kuka. Dalili kuwa, ƙwan zamani an yi shi ne ya kama da cikakken haske da zarar wuta ta shige shi. Cibiyoyi masu kyau suna ba ka damar cewa ya koma yadda yake kafin a ɗauke, ko ya zauna a kashe. Hue ta ƙara wannan a 2018. Ku nemi wannan saiti tun a shago, ku ga shi da idonku. Akwai kuma wata matsalar da ta fi wannan ciwo: yawancin ƙwayaye ana goge musu ƙwaƙwalwa ne ta hanyar kashewa da kunnawa sau da yawa a jere. Wutar da ke ƙyaftawa, ko sauyi tsakanin janareta da NEPA, na iya yin wannan aikin da kanta, ka tashi ka tarar ƙwai ya manta cibiyarsa. Shi ya sa nake cewa cibiya da rauta a ɗora su a kan inbata, fitilun ma in da hali. Kuma mai sola ya yi lissafi: ƙwai a kashe yana jan kusan rabin wat yana sauraron umarni. Ƙwai 20 wat 10 ke nan dare da rana, wato wat-awa 240 a kwana ɗaya ana zuƙa daga batir ba tare da an ga haske ba.

Makunnin bango shi ma abin lura ne. Baƙo ko kaka ba su san da wata manhaja ba. Za su kai hannu bango su kashe, kamar yadda suka saba shekara da shekaru, kuma suna da gaskiya. Da zarar an kashe, ƙwan ya kurmance, kuma a Zigbee ya yanke hanyar waɗanda ke bayansa. A gidan da ke da jama'a na fi son a bar ƙwai na gargajiya a canza makunnin ya zama na zamani, hannu ya yi aiki, waya ma ta yi. Masu wayarin, wannan naku ne: yawancin waɗannan makunnai suna neman nutural, mu kuwa mun saba kai laif kaɗai cikin akwatin makunni. Duk sabon ginin da aka ba ku, ku ja nutural ku ajiye. 'Yar waya ce yau, amma gobe sai an fasa bango.

Wanda ɗan'uwa zai aiko wa kaya daga waje ya tuna wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120. Ya kuma duba holda, mai fin ce ko mai murɗi.

In aka ce in zaɓa, ga inda na tsaya. Magidancin da yake son abin da zai jona ya manta da shi, ya nemi cibiyar Zigbee mai jin Matter, irin Hue mai kusurwa huɗu da ke ɗaukar fitila wajen 50, ko Dirigera ta IKEA da ta fito a 2022. Ɗalibanmu kuwa ina roƙonku ku koyi Home Assistant. Manhaja ce buɗaɗɗiya, kyauta, da Paulus Schoutsen ya fara a 2013. Tana zama a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi, tana haɗa kayan kamfanoni daban-daban, kuma bayanin lokacin da kake kwanciya da lokacin da gidanka ba kowa yana zama a gidanka. Tana neman haƙuri wajen saitawa, kuma a wannan haƙurin sana'arku take, domin masu gidaje za su biya wanda ya iya.

Ko wacce kuka zaɓa, kada ku biya kuɗi sai an yi gwaji ɗaya a gabanku. A zare intanet daga rauta, a bar wuta, sannan a ce fitila ta kama. In ba ta kama ba, ku mayar wa mai shago kayansa.