Katin Wani, Sunanka a Fasfo: Jawabi Kan Biyan Kuɗin Otal a Tafiyar Fatauci



Iyayen ƙungiya, shugabanni, alhazai da hajiyoyi, 'yan'uwa 'yan kasuwa na Najeriya da Nijar, barkanmu da zuwa, da fatan kowa ya baro iyali lafiya. Muna godiya ga Allah da ya nuna mana zagayowar ranar kafuwar ƙungiyarmu. A 'yan mintunan da aka ba mu, za mu yi magana kan wani abu da ake ɗauka ƙarami, alhali yana iya raba mutum da kuɗinsa, da mutuncinsa, har da amininsa. Shi ne biyan kuɗin otal da katin bankin wani.

Kakanninmu da suka yi fataucin goro zuwa Gwanja ba su san otal ba. In ayari ya isa Salaga, wurin fatoma ake sauka. Shi ne mai masauki, shi ne dillali, shi ke tsaya wa baƙo in za a ba shi kaya bashi. Fuskarka da sunan gidanku su ne takardarka. A yau kuwa, ma'aikacin otal a Dubai, ko Istanbul, ko Gwanzu ta ƙasar Sin bai san gidanku ba. Abu biyu yake dubawa: sunan da ke cikin fasfo, da sunan da ke jikin kati. In sun saɓa, magana ta tashi.

Mun san abin da ke sa mu aron kati, kuma ba son banza ba ne. A shekarar 2022 bankunan Najeriya da dama sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dalar Amurka 20 a wata, daga baya wasu suka rufe gaba ɗaya. Sai a 2025 wasu suka fara buɗewa, shi ma da iyaka. Ita kuwa sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 kowane yuro ɗaya. Shi ya sa ɗan kasuwar Kano ko Katsina kan kira amininsa na Maraɗi ko Damagaram, ko ɗansa da ke karatu a Turai, ya ce a kama masa ɗaki. Taimakon juna ne, kuma in mai kati ya yarda, ba laifi ba ne. Matsalar ita ce otal bai ji wayar da kuka yi ba. Yarda ta baki ba ta isa teburin karɓar baƙi.

Ga abubuwa biyar da muke roƙon kowa ya riƙe.

Na farko, a karanta sharaɗin ɗaki kafin a kama shi. A shafuka irin su Booking.com, akwai ɗakin da ake biya tun daga gida, akwai wanda katin ke riƙe maka wuri kawai, sai ka isa ka biya. Mutum na iya sauka daga jirgi yana zaton an gama biya, ashe ba a cire ko sisi ba. Ko a ɗakin da aka biya, otal da yawa na neman ganin katin da aka yi amfani da shi, a hannun mai shi.

Na biyu, in mai katin ba zai yi tafiyar ba, a rubuta wa otal tun da wuri a nemi takardar izinin biya da katin wani. Manyan otal suna da ita, wasu kuma kan turo wa mai katin hanyar biya ta intanet kai tsaye. Mai katin ne zai cika, ya sa hannu, ya rubuta sunan baƙo, da ranakun kwana, da abin da ya yarda a cira: kuɗin ɗaki kaɗai, ko har da abinci da wanki. A jira amsar otal a rubuce, a buga ta a takarda a tafi da ita. Akwai otal da ba sa karɓar wannan tsari sam. Gara ka sani kana gida da ka sani da ƙarfe biyu na dare, da jakunkuna a hannu.

Na uku, kuɗin ajiya. Ranar shiga, otal kan riƙe wani adadi saboda ɓarna ko abin da baƙo zai ci. A katin bashi, riƙewa ce kawai daga iyakar da banki ya ba mutum. Amma yawancinmu katin da muke da shi na asusunmu ne, don haka kuɗin jari ne ake ƙullewa, kuma sakinsu na iya ɗaukar kwanaki, wani lokaci makonni. Kada mu ƙulle wa ɗan'uwa jarinsa bai sani ba. A tafi da tsabar kuɗi ko katin kai don wannan ajiyar.

Na huɗu, mai kati yana da ikon ƙalubalantar cirar da bai gane ba, kuma a ƙa'idar Visa da Mastercard yawanci yana da kwana 120. Sau da yawa ba mugunta ke kawo wannan ba. Sunan da ke fitowa a saƙon banki kan zama na kamfanin da ya mallaki otal ɗin, ba sunan da ke bisa ƙofa ba. Alhaji ya gani bai gane ba, ya kai ƙara banki, aka janye kuɗin. Wa otal zai nema? Wanda aka ɗauki hoton fasfonsa. Saboda haka a tura wa mai katin rasit ranar da aka biya.

Na biyar, kuma shi ne mafi haɗari: masu tallar ɗaki a rabin kuɗi ta WhatsApp. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Wannan araha sau da yawa da katin sata ake biyan ta. Kai ka ba su naira ko sefa ta halak, su kuma su biya otal da katin wani bawan Allah da bai san ku ba. Ranar da asiri ya tonu, su sun kashe waya, kai ne a cikin ɗakin. Mafi sauƙi a sa ka sake biya, mafi muni a kira 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta tanadi hukunci kan amfani da katin wani ba da izini ba, haka ma dokar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta 2021. Kuma in da wannan takardar ɗakin ka nemi biza, soke ta na iya shafar tafiyar baki ɗaya.

Saura tsakaninmu. Wanda ya biya maka da katinsa bashi ya ba ka, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A tsakiyar 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda aka biya wa ɗaki a lokacin, ya jinkirta, da wane farashi zai mayar? Irin wannan ke sa aminai su daina gaisawa. A faɗa tun farko: da wane kuɗi za a biya, a wace rana, wa zai ɗauki cajin banki. In katin bashi ne, jinkirinka na jawo wa ɗan'uwanka kuɗin ruwa, abin da dukkanmu ke gudu.

Ku kuma masu ba da aro, Allah ya saka da alheri, amma ku biya da hannunku. Kada a tura hoton kati gaba da baya. Lambobi ukun nan na bayan kati, da lambar sirri, da lambar da banki ke turowa ta waya, ba a ba kowa. Waya na ɓata, kuma ba ka san hannun da za ta faɗa ba.

Muna roƙon shugabanni su sa sakatariya ta tanadi gajeriyar takardar yarjejeniya da Hausa, da Faransanci, da Turanci, wadda mambobi biyu za su sa wa hannu. Muna kuma roƙon manyanmu su zaunar da yaran da suka fara aikawa sayen kaya, su bi da su waɗannan abubuwa biyar kafin a ba su tikiti. In an tsare ɗan ƙungiya ɗaya a wata ƙasa kan maganar kati, ba sunansa kaɗai ke ɓaci ba, har da na wanda zai zo bayansa da irin fasfonsa.

Allah ya tsare hanya, ya sa albarka a nema, ya jiƙan magabatanmu da suka kafa wannan ƙungiya, ya maimaita mana.