Iska a Hanyar Mai: Jawabi ga Direbobi da Yaran Mota

 Yau maganarmu a kan motar da ke shan gas ce, watau man dizal, da wata 'yar cuta da kan kama ta ran da aka sake mata matacin mai, wanda makanikai ke kira filta.

Wata rana da kaka na tarad da wata babbar mota a hanyar Jega, maƙare da buhunan shinkafa. Direbanta ya sake filta da safe, ya kuwa yi abin kirki. Amma da suka ɗan taɓa tafiya sai mota ta yi ta shaƙewa, ta mutu. Ya yi ta murza makulli har batir ya ƙare. Sa'an nan wani ya ce masa ai babban famfo ne ya lalace, sai a kwance shi a kai Sakkwato. Masu kaya suna tsaye, kasuwa na can na ci ba su. Ashe babu abin da ya lalace. Iska ce kurum ta shiga hanyar mai, aikin da bai fi rabin sa'a ba.

To, yaya iska, abar da ba a gani, za ta tsai da mota? Ku saurara. Wannan irin inji wani Bajamushe ne, Rudolf Diesel, ya ƙago shi, ya kuma yi aiki sosai a shekarar 1897. Ba shi da fulogi mai tartsatsin wuta irin na motar fetur. Iska ya ke matsewa cikin silinda har zafinta ya wuce digiri 500, sa'an nan a feso mai, ya kama wuta da kansa. Abin da ke feso man shi ne nozul, shi kuwa ba ya buɗewa sai famfo ya turo mai da ƙarfi ƙwarai.

Ku ɗauki famfon keke, ku toshe bakinsa da yatsa, ku danna. Zai shiga, domin iska ta kan takure. Da ruwa ne a ciki, ko motsi ba zai yi ba. Haka mai ya ke, ba ya takurewa. Saboda haka in kumfar iska ta shiga bututu, famfo ya turo sai ta takure, ya saki ta koma, nozul bai buɗe ba, inji bai sami abinci ba. Sabuwar filta kuwa fanko ta ke zuwa, cike da iska.

Ga yadda za ka fid da ita. Ka bi hanyar da mai ke bi, daga tanki zuwa inji, kada ka tsallake.

Da fari, ka duba ko akwai mai isasshe a tanki, ka ja birkin hannu, ka goge ƙura daga kan filta. Ƙurar hunturu in ta shiga famfo ta fi iska ɓarna.

Na biyu, ka duba zaman filtar. Sau da yawa tsohuwar robar ta kan manne a sama, a ɗora sabuwa a kanta, iska ta sami ƙofa. Roba ɗaya tak a ke so, a shafa mata ɗan mai, ta zauna daidai.

Na uku, a kan filta akwai ɗan ƙaramin noti na fid da iska. Sassauta shi kaɗan, kada ka cire. Ka yi ta danna ƙaramin famfon hannu. Da fari kumfa za ta fito, tana tsartuwa. Kada ka daina sai mai ya fito zalla, ba kumfa ko ɗaya. Ka ɗaure notin tun man yana fita. A tarakta, in ka ji hannun famfon sakwaf ba ya turo kome, juya inji kaɗan ka sake gwadawa.

Na huɗu, in babban famfo yana da irin wannan noti, ka yi masa haka nan.

Na biyar, ka tashi mota. In ta ƙi, ka sa sifana ka sassauta notin bututun ƙarfe a bakin nozul biyu, yaronka ya murza makulli. Da ka ga mai yana ɓulɓulowa sai ka ɗaure. Kada murzawa ta wuce daƙiƙa 15, a kuma huta minti ɗaya ko biyu tsakani, don kada sitata ta ƙone. In ta tashi za ta ɗan yi rawa da farin hayaƙi. Ƙyale ta minti biyar, ta daidaita.

Amma fa akwai gargaɗi biyu. Kada ka kuskura ka sa hannu a gaban man da ke fita da ƙarfi. Ya kan huda fata kamar allura, raunin ƙanƙane a ido, amma ya kan jawo a yanke yatsa. Wanda abin ya sama a kai shi asibiti nan da nan. Na biyu, akwai motocin da kwamfuta ke sarrafa nozul ɗinsu, ƙarfin mai a cikinsu ya ninka na tsofaffi sau da yawa. Irin waɗannan ba a sassauta musu bututun ƙarfe ko kaɗan. In suna da famfon lantarki, ka buɗe makulli ba tare da ka tashi inji ba, ka jira rabin minti, ka rufe, ka maimaita sau uku ko huɗu. In babu, ka yi da famfon hannu.

In kuwa mota ta tashi yau, gobe da safe ta ƙi, to, lalle akwai inda ta ke zuƙar iska. Kada ka ce ai ba ka ga mai na ɗiga ba. Tsakanin tanki da famfo zuƙa a ke yi, ƙofar da mai ba ya fita ta nan iska na iya shiga. Ka haɗa guntun tiyo mai garai-garai bayan filta, ka duba ko kumfa na wucewa, sa'an nan ka bi roba da wosha da tiyo ɗaya bayan ɗaya.

Jama'a, kada wannan ya sa ku ƙi sake filta. Ita ce ke tare ƙasa da ruwa, kuɗinta kuwa bai kai kome ba a kan na famfo. Sai dai a sake ta a gida, ana gobe tafiya, ba ranar da aka yi lodi ba. Wanda kuma ya koyi karatu, ya duba littafin motarsa, zai ga inda kowane noti ya ke.

Allah shi kiyaye hanya, shi kai kowa gida lafiya. Amin.