Godiyar da ta Wuce Fatar Baki



Ranar 12 ga watan Mayu na kowace shekara duniya takan tuna da ma'aikatan jinya, domin a ranar ce aka haifi Florence Nightingale cikin 1820. To, mu ba sai mun je Ingila neman misali ba. Mu haye gada kawai zuwa kudancin kogin Kaduna. A Kakuri akwai Asibitin Gwamna Awan da na St. Gerard, a Barnawa kuma akwai asibitin masu taɓin hankali na Gwamnatin Tarayya, inda nas take lallashin mutumin da wani lokaci danginsa ma sun gaji da shi.

Kowa a nan ya san yadda rikicin shekarar 2000 ya raba mazaunan garin nan, har kogi ya zama kamar iyaka. Amma ba mu taɓa jin jini ya tambayi unguwar mai shi ba. Daren 28 ga Maris, 2022, da 'yan bindiga suka tare jirgin ƙasa mai tasowa daga Abuja, St. Gerard yana cikin asibitocin da aka kai waɗanda suka ji rauni. Cikin mamatan kuwa har da wata likita da ta yi aiki a asibitin. Ku duba fa, mutane suna ɗaure raunin baƙi alhali su ma suna cikin makoki.

Haka nan masu kai ɗauki: direban motar asibiti, da 'yan kwana-kwana, da 'yan agaji na Red Cross, da jami'an kiyaye haɗurra da ke kwasar mutane a hanyar Abuja bayan an wuce Gonin Gora. Sau da yawa wanda suka ciro daga mota bai ko ga fuskarsu ba.

Yanzu ina godiyarmu? Cikin 2024 magatakardan hukumar da ke yi wa nas-nas da ungozomomi rajista ya ce 42,000 daga cikinsu sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Wasu na cewa kwaɗayi ne. Mu dai ba mu yarda ba. Wanda ya kwana tsaye a kan majinyata, gari ya waye alawus ɗinsa yana kwance cikin fayil, ai ba a yi masa gorin tafiya.

Wannan fayil kuwa, 'yan'uwa, a kan teburinmu zai sauka. Gobe-gobe wasunmu ne akawuna da sakatarori a ma'aikatar lafiya da baitulmali, wasu ma da ke zaune nan sun riga sun kama aiki. In takardar ƙarin girma ko kuɗin aikin dare ta zo hannunku, kada ta kwana. In kun ji jiniya a bayanku, ku kauce, ba ku bi ta a guje don ku tsere wa cunkoso ba. Ku kuma sani, tun 2017 doka ta wajabta wa asibiti ya karɓi wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Ku sanar da jama'a, don kada tsoro ya hana su ɗaukar mai rauni. Masu ƙoshin lafiya cikinmu kuma su ba da jini tun kafin a nema, gama nas ba ta iya ƙera shi da tsakar dare.