LACCA A KAN KAMFANIN JIRAGEN SAMA NA NIJERIYA DA HANYOYINSA UKU

Talakawa sukan tambayi hakimai da malamansu dalilin da ya sa kuɗin jirgin alhazai yake da tsada. Amsar tana cikin labarin kamfanin Nigeria Airways, wanda ya yi aiki a kasuwanni uku, kowace da halinta.

A 1946 aka kafa kamfani guda domin Nijeriya, da Gana, da Saliyo, da Gambiya. Da ya watse a 1958, sai Nijeriya ta kafa nata tare da kamfanonin Ingila biyu, watau BOAC da Elder Dempster. A 1961 Gwamnati ta saye rabonsu, kamfani ya zama nata ita kaɗai.

Hanya ta fari ita ce ta London. Wannan kasuwa ba ta yankewa, rani da damina. 'Yan makaranta, da ma'aikata, da 'yan kasuwa, da jakunkunan wasiƙu suna tafiya, waɗansu kuma suna komowa, saboda haka jirgi yana samun kuɗi zuwa da dawowa. Amma ba a sauka a ƙasar wani sai gwamnatocin biyu sun ƙulla yarjejeniya. Da fari kamfanin ya haɗa kai da BOAC, suna raba abin da aka samu.

Ta biyu ita ce ta bakin teku, daga Ikko zuwa Ankara har Dakar. Nan zangon gajere ne, sauka da tashi sun yi yawa, ko wace sauka kuwa da kuɗin fili da na mai. Ga kuma abokan gasa, gama Gana ta kafa nata kamfani a 1958, ƙasashen da Faransa ta mallaka kuma suka kafa Air Afrique a 1961.

Ta uku ita ce ta Jidda, ita ce kuma ta fi shafar Arewa. Kasuwarta ta 'yan makonni ce a shekara, kuma ko wace shekara tana matsowa da wajen kwana 11, bisa lissafin wata. Jirgi ya tashi daga Kano cike, ya komo babu kowa. Bayan Arfa ya tafi babu kowa, ya komo cike. Ashe alhaji yana biyan sawu huɗu ne, ko da yake biyu ya hau. Kamfani kuwa ba ya sayen jiragen da za su yi wata goma a ajiye, sai ya ɗauko na haya.

Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Ran 22 ga Janairu, 1973, jirgin haya na Jodan ya faɗi a Kano da alhazai, mutum 176 suka rasu. Ran 11 ga Yuli, 1991, wani na Kanada da ya nufo Sakkwato ya kama wuta a Jidda, mutum 261 suka rasu. Allah ya ji ƙansu.

Bashi ya yi wa kamfanin yawa, ya daina tashi a 2003, amma halin hanyar Jidda bai sake ba. Saboda haka ya kamata hakimai su fahimtar da maniyyata su biya kuɗinsu da wuri ta hannun hukumar alhazai, domin a sami lokacin zaɓen jirage masu lafiya, kada a kama na gaggawa.