Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Ɗalibai a Samaru

Ranka ya daɗe Hakimi, malamanmu masu daraja, iyaye maza da mata, da ku 'ya'yanmu da muka hallara dominku.

Duk wanda ya zauna a Samaru ya san cewa masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello tun kafuwarta a 1962, ba sa miƙa wa manomi irin dawa ko gyaɗa ko auduga sai sun gwada shi damina bayan damina, sun tabbata ya karɓi ƙasarmu da ruwanmu. To, a nawa ra'ayi, tarbiyya ma haka take, domin ɗabi'ar da aka tsiro da ita a zauren gida da makarantar allo ta fi saurin kama zuciyar yaro.

Irin kuwa muna da shi: gaskiya, amana, haƙuri, ladabi da kunya. Uwar da ta aiki ɗanta cefane kasuwar Sabon Gari, ya dawo ya durƙusa, ya ajiye mata canjinta cif ba tare da ta tambaya ba, ta riga ta karantar da babin amana kafin mu buɗe littafi. A wannan Sabon Gari, wanda ya bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa, ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Inyamuri suna zama benci guda, kuma babu wanda iyayensa ba su hore shi da gaida na gaba ba.

Sai dai ina roƙon malamai su rarrabe kunya da tsoro. Na shekara talatin ina riƙe da alli, kuma na sha ganin yarinya mai kaifin basira ta sunkuyar da kai, amsa na bakinta, muna yaba mata da natsuwa, alhali kuwa bulalarmu ce ta rufe mata baki. Wallahi abin yana damuna har yau. Kunyar da shari'a ta yaba ita ce wadda ke hana satar amsa ranar jarrabawa, ba ta hana tambaya a aji. Haka kuma malamin da ya makara, sa'an nan ya tsaya bakin ƙofa yana dukan waɗanda suka makara, ya rushe da ƙafarsa abin da ya gina da harshensa.

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya sa ku gama da iyayenku lafiya. Malama Shugabar Makaranta, bismillah, a fara kiran sunaye.