Ma'aunin Kogi: Kuɗin Da Yake Ci Da Abin Da Yake Tsirarwa

(Jawabin da wani malamin sashen ruwa ya yi wa ɗaliban ajin manya kafin faɗuwar damina.)

 

Yau maganata a kan wani ƙarfe ce da ake kafawa a bakin kogi. An zana masa lambobi kamar awon tela. Sunansa ma'aunin ruwa. Da shi ake gane kogi yana hawa, don a gargaɗi mutane kafin ambaliya ta iso. Zan ba ku misali da Yamai, babban birnin Jamhuriyar Nijar.

Yamai tana bakin Kogin Kwara. Sau biyu kogin yake cika a can. Cika ɗaya tana zuwa da hunturu, wajen Disamba da Janairu. Ruwan ƙasar Gini ne, ya yi watanni a hanya, ana sane da zuwansa. Mai haɗarin ita ce ta Agusta da Satumba. Ana ce mata jan ruwa, saboda jar ƙasar da take kwasowa. Ƙananan koguna ne ke kawo ta daga wajen Burkina Faso, babbansu shi ne Sirba. Ita ba ta sallama. Cikin 'yan kwanaki sai a gan ta.

Don haka aka yi wa ma'aunin Yamai matakai uku. Idan ruwa ya kai santimita 530, alama ruwan ɗorawa ce, wato a sa ido. Idan ya kai 580, alama ruwan goro ce, wato a ɗaure kaya. Idan ya kai 620, alama ja ce, wato a tashi. A watan Satumba na 2020 ruwan ya kai wajen santimita 700. Ya fasa ganuwar tare ruwa, ya shiga unguwanni. Gidaje da gonakin shinkafa masu yawa sun tafi.

To, wani zai ce, ina amfanin ma'aunin tun da bai hana ruwa shiga ba? Gaskiya ne, ba ya tare ruwa. Ginin ƙasa idan ya jiƙa faɗuwa zai yi. Abin da gargaɗi yake bayarwa shi ne lokaci. Lokacin fitar da tsofaffi da yara da masu ciki. Lokacin kora awaki tudu, da ɗauke buhunan hatsi da takardun gida. Wani rahoton masana na 2019 ya ce gargaɗin awa 24 yana iya rage ɓarna da kashi 30 cikin 100. A nan gida Nijeriya kuwa, ku tuna da Maiduguri a Satumba 2024, da madatsar Alau ta ɓalle. Cikin dare ruwa ya shiga gari, mutane da yawa suna barci.

Yanzu mu zo kan kuɗi, don nan ne wahalar take. Kafa ma'auni ba shi ne tsada ba. Riƙe shi ne tsada. Lambobi suna goge wa, sai an sake fenti. Yashi yana binne gindin ƙarfen. Na zamani, mai aika lamba da kansa, yana bukatar batir da farantin hasken rana, su kuwa ɓarayi na son su. Mai karanta ma'auni safe da yamma yana bukatar albashi da katin waya. Duk shekara ake biyan wannan, har shekarar da ba a yi ambaliya ba. Idan aka yi shekara uku lafiya, sai masu kasafi su ce a rage. Ni a ganina wannan kuskure ne babba. Ai rumbu ma duk shekara ake yi masa yaɓe, ba sai an ga yunwa ba.

Akwai wata hasarar da ba ta kuɗi ba. Wani lokaci a ce a tashi, ruwa kuma bai zo ba. Mutum ya bar gida, ya kwana a makaranta, yana fargabar ɓarayi. Idan aka yi haka sau biyu, na uku ba zai tashi ba. Maganin wannan shi ne a riƙa faɗa wa mutane lambar kanta a rediyo, su ji yadda take hawa.

Ga inda ku mutanen karkara kuka shigo. Ruwan da zai ci birni, ta ƙauye yake fara wucewa. Ma'aunin Sirba a ƙauye yake, ba a Yamai ba. Idan akwai irinsa kusa da ku, kada a ɗaure masa kwalekwale, kada yara su mai da shi abin wasa. Idan ya karkace ko ya ɓace, a gaya wa mai gari ya kai labari ƙaramar hukuma. Wanda ya iya lissafi a cikinku kuma ya je ya karanta lambar gobe da safe, ya rubuta ta tare da kwanan wata, ya sake komawa jibi.