Amsar Takardunku: Da Gaske Akwai Zinariya a Cikin Abin Gwajin Jini?

Takardarmu ta yau ta fito ne daga Taba, daga wani manomi kuma mai sayar da hatsi. Yana tambaya, wai da gaske ne akwai zinariya a cikin ɗan abin nan da ake ɗiga wa jini don gwajin zazzaɓin cizon sauro?

To Malam, gaskiya ne. Jan layin nan da kake gani zinariya ce. Idan aka mai da ita ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, sai launinta ya koma ja. Wani masani ɗan Ingila, Michael Faraday, ya yi bayanin haka tun 1857.

Me ya sa sai zinariya? Na farko, ba ta tsatsa. Na biyu, tana riƙe farar wuta gam. A 1983 masana biyu a Amurka, Nuzzo da Allara, suka nuna cewa in an tsoma zinariya cikin sinadari mai farar wuta, ƙwayoyinsa sukan jeru a kanta da kansu, shimfiɗa ɗaya tak, kamar raken Makarfi a kan kunya: gindi ƙasa, kai sama. A kawunan nan ake ɗaura wata irin ƙugiya wadda ba ta kama kome sai abin da ake nema. Ƙwayoyin zinariyar abin gwajin ma ƙugiya gare su. In sun kama alamar cutar, sai su taru wuri guda, layi ya fito.

Ga inda abin ya shafi sana'arka. Da irin wannan dabara ake gwada masara da gyaɗa don gano gubar funfuna, wato afalatoksin, mai lalata hanta. A 2004 ta kashe mutum 125 a Kenya. Amma a kula! A gwajin zazzaɓi, layi biyu na nufin akwai cuta. A yawancin gwajin hatsi kuwa, layi biyu ne lafiya. In na gwajin ya ɓace, guba ta yi yawa. Don haka a karanta takardar da ke cikin kwalin, ko a nemi malamin gona.

Manoman Ikara da Kudan da Makarfi, ku busar da amfani sarai, kada ku shanya a ƙasa tsurarta, ku tsince ruɓaɓɓu kafin a ɗura a buhu.

Kada kuma wani ya ce zai kankare zinariyar ya kai kasuwa, don ba ta kai kuɗin goro ba! Sai mun ji daga gare ku. A huta lafiya.